Daga Allon Katako Zuwa Allon Waya: Tarihin Karatun Yaranmu Daga Nesa



'Yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo mana. Bayan la'asar ko bayan isha'i, sai ka tarar da malami zaune a zaure ko a ƙofar shago, ya jingina waya a gabansa, yana biya wa yaro karatu, alhali yaron yana Abuja, ko Kano, ko Jidda, ko Ingila. Malam na ganin yaro, yaro na ganin malam, ana karantawa ana gyarawa nan take. Maganar ta raba kan mutane a majalisu. Wasu dattawa na cewa wasa ne da karatu, don albarka tana cikin durƙuso gaban malami. Wasu matasa kuma na cewa kwanan makarantar allo da Islamiyya ya ƙare, nan gaba kowa a waya zai sauke.

A ganina dukkansu sun yi gaggawar yanke hukunci. In muka waiwayi tarihin garin nan, za mu ga nisa tsakanin yaro da malami tsohuwar matsala ce, tare da garin aka haife ta, kuma kowane zamani da dabarar da iyayenmu suka yi mata. In muka san abin da kowace dabara ta kawo da abin da ta kasa kawowa, za mu san inda ya dace mu ajiye wannan ta yanzu.

Garin da layin dogo ya tara

Kafin jirgin ƙasa ya zo, wurin nan ƙasar Fantswam ce, mutanen da muke zaune tare da su har yau, ga kuma Kagoro da Bajju da Kaninkon kewaye. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 19 ƙarƙashin Zazzau bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, a lokacin fadarta tana can tsohuwar Jama'a. Fatake Hausawa kuwa sun daɗe suna ratsa yankin, suna sauka a zanguna irin su Zangon Katab.

Abin da ya canja komai shi ne layin dogo na gabas. Turawa sun faro shi daga Fatakwal saboda kwal ɗin Inugu, suka bi da shi ta Makurɗi har ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya ɓalle daga nan ya hau Jos don kwasar kuza, a 1932 kuma aka gama gadar Makurɗi a kan Binuwai. Daga nan Kafanchan ta zama mahaɗa, jirgin kudu da na arewa da na Jos duk nan suke gamuwa. A farkon shekarun 1930 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan.

Mutane suka yi ta kwarara. Inyamurai da Yarbawa suka cika aikin reluwe. Kakanninmu suka zo daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato da Bauchi, wasu 'yan koli, wasu mahauta, wasu 'yan tireda, wasu dillalan citta da hatsi, wasu leburori. Kowa ya zo da jarinsa da iyalinsa, amma manyan malaman da suka karantar da shi suna can gida. To, tun ranar farko tambayar da ke gaban mai gida ita ce: wa zai karantar min da yaran nan?

Lokacin da yaro ke bin malami

Karatun farko bai yi wuya ba. Duk inda Bahaushe ya sauka, ba a daɗewa zaure ɗaya ya zama makarantar allo. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya fara haɗa baƙi, har ya kai ga rubuta allonsa da kansa. Ina so mu tsaya kan abu ɗaya a nan, don shi ne ƙashin bayan duk wannan bayani, wato biyawa. Malam ya karanta, yaro ya maimaita. Yaro ya je ya yi ta tilawa, ya dawo ya karanta, malam ya saurara. In ya yi daidai a ce ya wanke allo, in ya yi kure a gyara masa a mai da shi. Karatu na fita daga bakin malam zuwa kunnen yaro, ya kuma dawo daga bakin yaro zuwa kunnen malam. Haka aka karɓo Alƙur'ani tun asali. Mala'ika Jibrilu yana bitarsa tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowane watan azumi, sahabbai suka karɓa daga bakinsa, aka yi ta miƙawa baki da baki har ruwayar Warshu ta iso ƙasar Hausa da Barno.

Wuyar tana zuwa ne in yaro ya sauke, ana son ya yi hadda ko ya shiga littattafai, irin su Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala. A nan sai a ɗaura masa 'yan kayansa a sa shi a jirgi, a kai shi Zariya ko Kano, wasu kuma gabas. Da layin dogo ya isa Maiduguri a 1964, tafiya tsangayun Barno ma ta yi sauƙi. Wannan ita ce dabara ta farko: a ɗauki yaro a kai shi inda malami yake. Ta fitar da alarammomi da limamai da yawa, kuma yaro yana samun abin da ya wuce karatu, yana ganin yadda malaminsa ke alwala, yadda yake karɓar baƙo, yadda yake haƙuri da talauci. Amma kuɗinta da tsada. Uwa takan yi shekara biyu ko uku ba ta ga ɗanta ba, sai dai wasiƙar ajami da wani fasinja zai kawo. Yaro ya sha bara, ya sha ƙaiƙayi, wani ma a can zai rasu.

'Ya'ya mata kuwa ba a tura su. Su tsohuwar dabararsu ita ce ilimi ya biyo su gida. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. A unguwanni irin tamu ma, abin da mata da yawa suka sani na addini daga wata malama suka same shi, wadda ke shiga gida gida.

Ta ɓangaren boko, maƙwabtanmu sun riga mu, don makarantun mishan sun kafu da wuri a wurare irin su Kwoi da Kagoro, iyayenmu kuma suna ɗari-ɗari da su. Akawunan reluwe da malaman makaranta masu neman ƙarin ilimi suna da tasu hanyar, karatu ta wasiƙa daga makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. A aiko wa mutum darasi, ya amsa ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya dawo. Gyaran yana zuwa, sai dai a makare. Babba zai iya jira, yaro mai koyon baƙi ba zai iya ba.

Lokacin da murya ta fara tafiya

A 1962, zamanin Sardauna, aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara jin tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello a rediyo, daga baya aka ƙara da na Shehu Ɗahiru Bauchi. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna yadda ake kewaye rediyo a shago da azumi. Wannan ne karo na farko da malami yana Kaduna amma muryarsa tana cikin ɗakin tsohuwa a Kafanchan, ba wanda ya hau jirgi. Matan kulle sun fi kowa cin moriyar abin.

Sai kaset ya biyo baya. A 1961 aka naɗi karatun Alƙur'ani gaba ɗaya a Masar da muryar Shehu Mahmud Halil Husari, kuma zuwa shekarun 1970 da 1980 kaset ɗinsa da na Abdulbasiɗ da Minshawi sun cika kasuwanninmu. Alhazai suna dawowa da rikoda da kaset, daga baya da Alƙur'ani bugun Madina, bayan an buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a 1984. Ta wannan hanya ruwayar Hafsu ta shigo da ƙarfi ta zauna kusa da Warshu. Makarantun Islamiyya masu benci da allon bango suka yawaita, na Jama'atu da na Fitiyanu da na Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978. A 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, tajwidi ya zama abin da kowane yaro ke so.

Gwamnati ma ta gwada koyarwa daga nesa. A 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, tana koyar da malaman firamare suna kan aikinsu, ta hanyar littattafan da ake raba musu da haɗuwar ƙarshen mako. Hukumar ilimin makiyaya, wadda aka kafa a 1989, ita ma ta yi amfani da rediyo don isa rugage.

Alherin rediyo da kaset ba ya ƙirguwa, amma suna da aibi ɗaya: ba sa jin ka. Yaro zai kwaikwayi muryar Abdulbasiɗ har ka ji daɗi, alhali bai raba sodi da sin ba, bai raba ha ƙarami da ha babba ba, lodi kuma yana nan yadda harshensa ya saba. Kaset ba zai ce masa tsaya ka sake ba. Rabin biyawa ne ya iso, rabin ya maƙale a hanya. Shi ya sa duk yawan kaset, ba wanda ya rufe makarantarsa.

Watsewar jama'a

Daga nan tarihin ya ɗauki wata hanya mai ɗaci, wadda ba mai son tunawa, amma in ba a faɗe ta ba, ba za a gane yadda karatun waya ya samu gindin zama ba. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta garin nan, ya bazu har Kaduna, Zariya da Funtuwa. A 1992 aka yi na Zangon Katab. A watan Mayu na 1999 aka yi na naɗin sarki. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi wanda ya fi taɓa mu: kasuwa ta ƙone, aka rasa rayuka masu yawa nan da Zonkwa da Matsirga, mutanenmu da dama suka ƙare a sansanin alhazai na Mando a Kaduna. Maƙwabtanmu ma sun binne nasu, sun yi asarar dukiya. Allah Ya jiƙan musulmin da suka riga mu, Ya hana maimaituwar irin wannan a kan kowa.

A daidai waɗannan shekaru reluwe ma ta durƙushe, tashar da ta tara mu ta yi tsit. Gidaje da yawa suka tashi, wasu Rigasa da Tudun Wada a Kaduna, wasu Kano, wasu Suleja da Mararraba. 'Ya'yanmu da suka yi boko aiki ya kai su Abuja da Legas, wasu Saudiyya, Ingila da Amurka. Sai lamarin ya juye. A zamanin kakanninmu yara suna nan, malamai suna nesa. Yanzu malamin da uba ya sani, ya yarda da shi, wanda ya biya masa allo, yana nan unguwa, jikokin kuma suna nesa.

Akwai kuma wani nisan da rikici ke haifarwa a cikin gari. Duk lokacin da aka sa dokar hana fita, kamar ƙarshen 2016 da tsakiyar 2020, makarantar da ke bayan gidanka ta zama kamar tana Barno. Yara su yi makonni a ɗaka, hadda ta zube.

Zuwan waya da shekarar korona

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Da farko kira da tsada, ba mai biya karatu a kai. Abin da ya fara yaɗuwa shi ne tura karatu da wa'azi a memori, wanda ɗan'uwan kaset ne. Da manyan wayoyi suka yawaita, aka fara saƙon murya ta WhatsApp: yaro ya naɗi karatunsa ya tura, malam ya saurara in ya samu sarari, ya mayar da gyara. Wannan ya yi kama da karatun wasiƙa na akawunan reluwe, sai dai ya fi shi sauri.

A waje kuwa an riga mu nisa. Bayan fitowar Skype a 2003, malamai a Pakistan da Masar suka buɗe cibiyoyi na musamman suna koyar da 'ya'yan musulmin Ingila da Amurka Alƙur'ani ta kiran bidiyo, ana biyansu wata wata. Mu abin ya zo hannunmu ne bayan WhatsApp ya ƙara kiran bidiyo a ƙarshen 2016.

Abin da ya tura mutane ciki gadan-gadan shi ne annobar korona. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka samu mutum na farko da ita a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, jihar Kaduna kuma tana cikin waɗanda suka fi tsananta kulle, har kasuwanni da masallatai da coci-coci. Islamiyyu suka rufe. Gwamnonin arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali, wato tsohuwar dabarar kai yaro wurin malami ta tsaya cik. Gwamnatin jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin, musamman don 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Makarantun kuɗi na manyan birane suka koma Zoom. Iyayen da ke zaune a ɗaka da yara a Abuja da Landan kuwa, sai suka tuna da malaman gida, suka fara bugo waya: Malam, ko za ka riƙa biya wa yaran nan ta bidiyo? Da aka buɗe makarantu wajen ƙarshen shekarar, al'adar ba ta tafi ba.

Abin da bidiyo ya dawo da shi

In ka bi jerin nan, za ka ga abin da ya bambanta kiran bidiyo da duk na baya. Jirgi ya ɗauki yaro ya raba shi da uwarsa. Wasiƙa ta kawo gyara a makare. Rediyo da kaset sun kawo murya ba kunne. Kiran bidiyo ne na farko da ya haɗa biyawa cikakkiya ba tare da kowa ya bar gidansa ba: malam ya karanta, yaro ya maimaita, malam ya ji, ya ga bakinsa, ya ce tsaya, fito da harshenka, sake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma dattawanmu masu cewa wasa ne ya kamata su zauna su ga darasi ɗaya tukuna.

Yadda ake yi ba wuya. Yawanci yaro ɗaya ne ko 'yan gida ɗaya, kamar rabin awa, sau uku ko huɗu a mako. Malam da yaro su riƙe bugu iri ɗaya, galibi na Madina mai shafi 604 da layi 15 a kowane shafi, don in an ce shafi kaza layi kaza, kowa ya gani a wuri ɗaya. Sai lissafin lokaci: Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Ingila agogonmu ɗaya da su a lokacin zafinsu, muna gabansu da awa 1 a lokacin sanyi. Gabashin Amurka kuwa muna gabansu da awa 5 ko 6, don haka in yaro ya dawo makaranta ƙarfe huɗu na yamma a can, nan tara ko goma na dare ta yi.

Akwai ribar da ba a yi tsammani ba. Yaron da aka haifa a Turai, wanda Hausarsa ta kusa ɓacewa, yana jin ta a bakin malam, yana koyon gaisuwa. Malamai mata, waɗanda da iyakarsu gidajen maƙwabta, yanzu suna koyar da 'yan mata a garuruwa daban-daban daga cikin ɗakinsu. Malamin da ya rayu a kan kuɗin laraba, wanda wani uban ma ba ya bayarwa, yau ana turo masa haƙƙinsa a asusun banki ƙarshen wata. Game da ijaza kuwa, malaman ƙira'a sun saɓa: da yawa sun yarda a bayar in karatun kai tsaye ne kuma murya na fita sarai, wasu sun ce sai an zauna gaba da gaba. Amma koyar da yaro da gyara masa, wannan ba a cika jayayya a kansa ba.

Abin da waya ba ta iya ɗauka

To, masu cewa Islamiyya ta mutu su ma su saurara. Na farko, sabis yana cin karatu. In murya ta tsinke, malam ba zai san ko yaro ne ya gajarta madda ko waya ce ta haɗiye ta ba. Gunna da ƙalƙala sukan ɓace a hanya. Na biyu, yaro yaro ne. Ana karɓar hadda, shi kuwa ya buɗe Alƙur'ani a gefen da kyamara ba ta kai ba. Na uku, rubutu. Ɗan makarantar allo yana rubuta abin da zai haddace da tawada da alƙalami, hannu na taya ƙwaƙwalwa riƙewa. Ɗan waya sau da yawa yana karantawa amma ko layi ɗaya bai iya rubutawa.

Na huɗu ya fi waɗannan girma. A Islamiyya yaro yana koyon alwala a bakin famfo, wani babba na kallonsa. Yana tsayuwa a sahu. Yana koyon jiran layi, da cire takalmi, da rusunawa. Yana yin abokan da za su ɗauki gawarsa wata rana. Unguwar da aka sha tarwatsawa irin tamu, makarantar nan ce ta riƙa sake ɗinke ta. Wannan ba ya bi ta waya.

Na biyar, tsaro. Malamin zaure kowa ya san shi, ya san malaminsa, ya san aƙidarsa. Wanda aka samo a Facebook fa? Ka miƙa wa yaro ko yarinya waya, ka rufe ɗaki, ka bar su da mutumin da ba ka taɓa gani ba, wannan sakaci ne ko da sunan karatu ne. Wayar kuma da aka gama darasi a kanta, ita ce mai ɗauke da duk wata shashanci.

Na shida, kuɗi. Ana buƙatar babbar waya, da data, da caji, ga halin wutar lantarki kowa ya sani. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. A ƙarshen 2021 an rufe layukan waya kusan wata biyu a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda 'yan bindiga, abin da ke nuna cewa dare ɗaya ana iya datse hanyar. Cutar da ta cinye citta a 2023 kuma ta nuna mana yadda aljihun garin nan ke bushewa lokaci guda. Ɗan mai tura baro ba ya cikin wannan tsari.

A nan ne babban tsorona yake, kuma a matsayin ɗan kasuwa nake faɗa. Kaya yana bin inda farashi yake. Malamin kirki awanninsa ƙidayayyu ne. In yara biyar na waje suna ba shi abin da yara sittin na unguwa ba sa ba shi, wa zai zarge shi in ya rage zaman la'asar? Shi ma yana da iyali. Amma in muka yi shiru, za mu wayi gari ƙwararrun malamanmu suna zaune a cikinmu, muna jin muryarsu ta taga, karatun kuma yana tafiya wata ƙasa, 'ya'yan maƙwabta an bar su da ƙananan ɗalibai. Wato nisan da kakanninmu suka yi fama da shi ya dawo, wannan karon a cikin layi ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan ya nuna ba wata dabara da ta kashe ta gabanta. Rediyo bai rufe zaure ba, kaset bai kori alaramma ba. Kowace ta samu wurinta ne bayan mutane sun gane iyakarta. Wannan ma haka za ta kasance, in mun tsara ta da kanmu.

Iyayen da ke nesa, ku nemi malamin da aka san malaminsa. Uwa ko uba ya zauna kusa lokacin darasi, a falo, ƙofa a buɗe. A saya wa yaro littafin rubutu ya riƙa rubuta darasinsa yana nuna wa malam. In an samu hutu a kawo shi gida ya biya gaba da gaba, ya zauna cikin 'yan'uwansa a aji ko na mako biyu ne. In ya sauke, a zo a yi walimar a nan, ya san yana da tushe.

Malamai, Allah Ya saka muku. Ku nemi halalinku ta waya, ba laifi, amma ku bar wa unguwa safiya da la'asar, ku ba na nesa dare. Kwamitocin Islamiyyu kuma su dubi albashin malamai da idon gaskiya, don ba a riƙe ƙwararre da godiya kaɗai. 'Yan'uwanmu na waje da ke biyan kuɗin ɗansu, me zai hana kowa ya ɗora kuɗin maraya ɗaya na unguwa a kai?

Sannan hanyar nan ba fita kawai take ba, tana shigowa. Waya ɗaya mai kyau, da lasifika, da ƙaramin sola a Islamiyya sun isa gwani daga Kano ko Maiduguri ya saurari manyan ɗalibanmu sau ɗaya a mako. Sun isa ɗanmu da ke koyarwa a jami'a ya yi wa 'yan sakandare bitar lissafi da Turanci, tun da jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya daga 2015. Kowace makaranta kuma ta tanadi lambobin iyaye, ta raba yara rukuni rukuni tun ana zaman lafiya, don in an sake sa dokar hana fita, Allah Ya kiyaye, hadda kada ta zube.

Kakanninmu sun sa 'ya'yansu a jirgi suna hawaye don kada karatu ya yanke a gidajensu. Mu an sauƙaƙa mana abin da ba su taɓa mafarki ba. Abin da za a tambaye mu shi ne ko sauƙin ya kai ga ɗan talakan da ke bayan gidanmu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan malaman da suka biya mana allo.